Me Ake Saye a Jikin Tsohuwar Motar Amurka?

A watan Oktoba na 1955 kamfanin Ford ya baje wata mota a bikin nuna motoci na birnin Faris, sunanta Continental Mark II. Ƙofa biyu gare ta, gaba dogo, baya gajere, kuma ba a cika ta da ƙyalƙyali ba. Kuɗinta ya kusa dala 10,000, a lokacin da ma'aikaci ke sayen sabuwar Ford da kamar dala 2,000. Da hannu aka harhaɗa ta a wata masana'anta ta musamman a jihar Mishigan, ƙarƙashin kulawar William Clay Ford, jikan wanda ya kafa kamfanin. Fatar kujerunta daga Sikotland aka kawo. Elvis Presley da Frank Sinatra da Elizabeth Taylor duk sun mallake ta. Kimanin 3,000 kacal aka ƙera a 1956 da 1957, sannan aka tsayar da aikin, domin asara ake tafkawa a kan kowace ɗaya.

Wanda ya ji wannan tarihi zai zaci yau ita ce sarauniyar gwanjo. Ina! Dala 10,000 ta wancan zamani ta haura dala 100,000 a kuɗin yanzu, amma Mark II mai lafiya, wadda ake hawa, galibi ba ta kai wannan farashi ba. Wato motar da ta fi tsararrakinta ingancin aiki ba ta ma riƙe kuɗinta na asali ba. Daga nan ne mai nazarin wannan kasuwa zai fara gane cewa masu tara tsofaffin motoci ba inganci suke biya ba, ba kuma ƙarancin mota kaɗai ba.

Cadillac ta 1959 ta isa shaida. A shekarar ne wutsiyar nan mai tsini kamar ta jirgin sama ta kai maƙura, a ƙarshen zamanin Harley Earl, shugaban masu zane na General Motors. Eldorado iri biyu aka fitar masu ƙofa biyu: Seville mai rufin ƙarfe, guda 975, da Biarritz mai rufin da ake zugewa, guda 1,320. Inji ɗaya, farashi ɗaya, dala 7,401. Seville ta fi ƙaranci, amma a gwanjon Barrett-Jackson da ake yi kowane Janairu a Arizona, ko na Mecum a Fulorida, Biarritz ce ke tashi da kuɗi, sau da yawa ninki biyu ko fiye. Dalili bai wuce cewa a cikin buɗaɗɗiyar mota ana ganin mai ita ba. Mai saye kallon mutane yake biya.

Abu na biyu da ke ɗaga farashi shi ne labari. Chrysler C-300 ta 1955, wadda Virgil Exner ya zana, motar attajiri ce mai kujerun fata, sai dai an ɗora mata inji mai ƙarfin doki 300, inda ta samo sunanta. Guda 1,725 aka yi. Carl Kiekhaefer, mai kamfanin injin kwale-kwale, ya sa ta a tseren NASCAR, direbansa Tim Flock ya lashe kambun shekarar. Daga nan aka bi ta da 300B, 300C, har zuwa 300L a 1965. Wannan ƙurar filin tsere tana bin motar har yau, kuma ita ta jawo mata masoyan da Mark II, mai natsuwa da kunya, ba ta samu ba.

Thunderbird mai kujera huɗu ta 1958 kuwa, farin jininta ne ya karya ta. An sayar da kusan 38,000 a shekarar farko, sama da 90,000 a 1960. Tana ko'ina, don haka tana araha. Buick Riviera ta 1963, aikin Bill Mitchell da Ned Nickles, guda 40,000 aka ƙera, kuma a ganina babu motar Amurka ta wancan zamani da ta fi ta kyan ƙira, musamman ta 1965 mai ɓoyayyun fitilu. Yawanta ya sa mai matsakaicin ƙarfi ma yana iya kai hannu.

To, yaya ake yi wa ɗaya kuɗi? Kamfanin inshora na Hagerty ya kasa motoci mataki huɗu, daga ta 1 wadda za ta iya cin gasar baje koli, zuwa ta 4 wadda ke tafiya amma da aibobinta a fili. Tazarar kuɗi tsakanin matakan nan na iya zarce tazarar da ke tsakanin mota iri kaza da iri kaza. Masana ba sa fara duba fenti. Ƙarƙashin mota suke shiga su nemi tsatsa, domin a jihohin arewa irin su Mishigan da Ohayo gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cinye ƙarfe, shi ya sa motar da ta tsufa a busasshiyar ƙasa kamar Arizona ko Kalifoniya take da daraja. Sai su duba farantin da masana'anta ta maƙala, su ga ko launi da kujeru da inji su ne na asali. Sai takardu: wa ya saye ta, wa ya gyara, yaushe.

Nan ne sirrin Mark II yake. Kamar babbar riga ce mai aikin hannu: aikin da ya sa ta tsada ranar ɗinki shi zai sa gyaranta ya gagara. Kayan jikinta da yawa nata ne ita kaɗai, ba a cire su daga wata mota a saka. Sabunta sheƙin bamba da sauran ƙarafan ado, ɗinke kujeru da fata irin ta asali, tayar da tagogi da kujeru masu aiki da lantarki, duk wannan kan lashe kuɗin da ya fi abin da motar za ta kawo a gwanjo. Haka Eldorado Brougham ta 1957, mai ƙofa huɗu da farashin dala 13,074: jakunkunan iskar da take zaune a kai sun riƙa yoyo, har masu ita da dama suka cire suka sa sifirin. Yau mai son mayar da ita yadda ta fito zai sha wuya. Mai saye ya san wannan lissafi, sai ya zabge shi daga tayinsa. Wannan ma na cikin abin da ya sa motar da ba a taɓa yi wa sabon fenti ba, ta samu girma, har gasar Pebble Beach ta ware mata rukuni.

Akwai kuma shekaru. Mutum yakan nemi motar da ya yi sha'awa yana saurayi ba shi da ko sisi. Samarin 1956 sun haura tamanin, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, magadansu kuma motocin 1980 da 1990 ne a ransu. Wanda ya sayi motar 1950 da wani abu don jiran riba, ya yi shirin dogon jira.

Ga mai nema don so kuwa, shawarata ita ce ya ƙyale Biarritz ga masu son kallo. Ya nemi Mark II ko Riviera ta 1965 wadda wani ya riga ya kashe kuɗinsa ya kammala, ya biya farashinta ba tare da ƙorafi ba, ya guji wadda aka ce saura ɗan gyara kaɗan.