Wanda Aka Tarar: Kare Labarun Kafa Gari

Tun da Abdullahi Smith ya yi wa labarin Bayajida fiɗar ƙadangare a 1970, masu karatun tarihi a jami'o'inmu suka koyi taɓe baki duk sa'ad da dattijo ya ce wani maharbi ne ya fara zama a nan. Smith yana da gaskiya cewa baƙo ɗaya ba ya haifar da daula. Amma almajiransa sun wuce gona da iri, sun tattara labarun kafa gari gaba ɗaya sun jefa su kwandon tatsuniya. Ni ina ganin ba su saurare su da kyau ba ne.

Labarun nan tsofaffi ne a bakin maroƙa da fadawa. Wasu sun shiga ajami, Bature Palmer ya fassara na Kano a 1908, sannan Hukumar Fassara ta Zariya ta buga wasu cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Abin da ya dame ni da su dabara ce guda wadda kusan kowanne yake ɗauke da ita: mai kafa gari ba ya taɓa isa wuri ya iske shi wayam. Kullum akwai wanda aka tarar.

A ɗauki Bauci. Yakubu ɗan Dadi, Bagere, almajirin Shehu Usmanu ne, kuma shi kaɗai ne ba Bafulatani ba cikin manyan masu tuta. Ya zauna a Inkil, ya nemi inda zai yi birni a bakin iyakar daular Sakkwato, cikin duwatsu da ƙabilun da ba su miƙa wuya ba. A 1809 ya kafa garin, ya ja ganuwa, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Wannan duk littafin makaranta zai gaya maka. Labarin baka kuwa sai ya tsaya a kan wani maharbi, Baushe, wanda ya ba shi shawarar ya gina garin yamma da dutsen Warinje, shi kuma Yakubu ya yi alkawarin sa wa garin sunansa.

A dubi yadda aka jera abin. Mai tuta, mai runduna, mai karatu a gaban Shehu, shi ne yake tambaya. Mai kwari da baka, wanda ba a ambaci nasabarsa ko malaminsa ba, shi ne yake amsawa. Maroƙin da sana'arsa ita ce ɗaga sarki sama ya yarda ya bar shi a matsayin mai neman sani, ko da na ɗan lokaci ne, kuma fada ta bar labarin ya rayu. Ƙari a kan haka, Yakubu ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Gerawa mutanen wurin ne, da wuya a ce bai san inda ruwa yake ba. To me ya kawo maharbi? Ya zo ne don ya zama shaida cewa an nemi izini kafin a kafa turke. Kuma ba da doki ko riga aka sallame shi ba, abin da zai ƙare. An biya shi da abin da kowa zai riƙa faɗa kullum.

Masu suka za su ce ai an san yankin da wannan suna tun kafin Yakubu, don haka Baushe ƙagagge ne. Ko da haka ne, sai su gaya mana dalilin da ya sa masu ƙagen suka zaɓi su ba talakan daji wannan girma, alhali suna iya ba wa sarki duka.

Haka abin yake a Kano: kafin a kai ga Bagauda sai an bi ta kan Barbushe da Tsumburbura a Dala. A Katsina Korau ya kayar da Sanau ya karɓe sarauta, amma labarin bai share Durbawa, dangin Sanau, ba, kuma har yau sarautar Durbi tana cikin masu zaɓen sarki. Abu Ja ma, da ya kafa tsohuwar Abuja a 1828 bayan an kori gidansu daga Zariya, cikin Koro da Gwari ya sauka, tarihin garin bai ɓoye ba.

Shi ya sa nake ɗaukar waɗannan labarai a matsayin takardar yarjejeniya ta mutanen da ba su rubuta yarjejeniya: mulki na wanda ya zo da ƙarfi, tsufan zama na wanda aka tarar, kuma kowane ɓangare yana da abin da zai nuna in rigima ta tashi. Ƙasidun da ake rabawa a bikin naɗin sarauta yanzu galibi da sarki na farko suke buɗewa, da shekararsa a gefe, sai na biyu, sai na uku. Su ne suka fara cire maharbin, wai don ba shi da shekara.