Fatsa ta dawo Bauchi, saura ladabinta

Duk mai zuwa bakin madatsar ruwa ta Gubi ko ta Waya a ƙarshen mako ya san an samu sabbin baƙi a gaɓa. Samari ne da magidanta, wasu ma'aikata, wasu ɗalibai, kowa da doguwar sandarsa ta zamani mai ƙarfen naɗe zare. A da, fatsa aikin yara ce: kara ko sandar gora, zare, ƙugiya, da tana a gwangwanin tumatir. Yau manya ne ke ajiye babur ko mota su zauna jiran kifi. Ina murna da wannan sauyi har cikin raina. Damuwata ɗaya ce: sandar ta riga ladabinta isowa.

Sha'awar da yawa daga cikinsu daga waya ta fito. A YouTube da Facebook suna ganin Turawa tsaye cikin rafi har gwiwa, suna kaɗa zare a iska, suna sauke ƙugiya a hankali bisa fuskar ruwa. Babu tana a jikin ƙugiyar. Gashin tsuntsu ne aka ɗaura da siririn zare har ya yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Kifin da suke nema, wanda suke kira tirawut, ɗan ruwan sanyi ne mai gudu, ba zai rayu a ɗumin ruwanmu ba. A Afirka sai a tsaunuka ake samunsa, kamar Lesoto da Afirka ta Kudu da Kenya, wadda Turawan mulkin mallaka suka kai mata shi a 1905. Turawan Ingila sun daɗe da ɗaukar fatsa da daraja, tun 1653 Izaak Walton ya wallafa littafi guda a kanta. Sai dai hoton minti ɗaya ba ya nuna ƙa'idojin da suka riƙe waɗannan rafuka: lokacin da ake rufe ruwa, girman kifin da aka yarda a ɗauka, da haramcin shiga gaban wanda ya riga ka zuwa.

Mu da ba mu da tirawut, Allah bai bar mu haka ba. Muna da karfasa, tarwaɗa, kurungu da kawara, a manyan koguna kuma akwai tsage da giwan ruwa. A kogin Faro na Kamaru, da wannan ƙugiya mai gashi ake kama tsage da giwan ruwa, har mutane na tahowa daga Turai dominsu. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa bayan ruwan farko na damina, lokacin da gina ke tashi tana faɗawa ruwa, ya ga yadda ƙananan kifi ke tasowa suna cafke ta ɗaya bayan ɗaya, ruwan na yin zobe-zobe. Ilimin fatsa duka a nan yake: ka san abin da kifi ke ci a wannan wata, a wannan sa'a, ka miƙa masa shi ba tare da ya gan ka ba. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Inuwarka in ta faɗa ruwa, ko ka taka gaɓa da ƙarfi, karfasa ta watse. Ana iya wuni ba a kama komai ba. Amma ranar da ɗan karan da ke yawo bisa ruwa ya girgiza, ya nutse, sanda ta lanƙwashe a hannunka, za ka gane dalilin da ya sa mutum ke baro barcin safe.

Ladabi na farko shi ne sanin cewa ruwan nan da masu shi. Kai hutu ya kawo ka, masunci kuwa abincin gidansa yake nema. Tun da asuba ya shimfiɗa kalli, ya ɗana mali, ya ja mamari. In ka jefa ƙugiya ba ka tambaya ba ta maƙale a ragarsa ka fizge, ka yaga masa jarinsa. Ka yi sallama, ka ce “Sannu da aiki, Baba, ina ne ba ku da raga?” Zai nuna maka, sau da yawa har ya gaya maka inda rami yake da inda laka ke riƙe ƙafa. Haka tsakanin masu fatsa: wanda ya riga ka wuri nasa ne, ka ba shi tazara, ka rage murya, ka kashe kiɗan waya. Wannan ba sai mun koyo daga waje ba. Ƙasar Hausa ta san Sarkin Ruwa, mai cewa yau a shiga, gobe a dakata. Bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, bai samu manyan kifayensa don sa'a ba. Ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwa.

Na biyu shi ne tausayin abin da ka kama. A nan na rabu da masu kwaikwayon Turawa ido rufe, waɗanda ke kama kifi, su ɗaga shi a rana ana ta ɗaukar hoto, sannan su jefa shi ruwa ya riga ya galabaita. Addininmu bai yarda a wahalar da mai rai don wasa ba. Na kuma rabu da wanda ke cika bokiti da 'ya'yan kifi kamar yatsa. Hanya madaidaiciya ita ce ka ɗauki abin da gidanka zai ci, ka gama da shi nan take, ƙarami kuma ka mayar da shi da gaggawa. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, domin santsin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Ka danne ƙayar ƙugiyarka da filaya don ta fita ba tare da yaga baki ba. Ka duba bakin karfasa: uwa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya, in ka ga haka ka sake ta. Tarwaɗa kuwa da farkon damina take hawa ciyawar da ruwa ya malale ta yi ƙwai. Mai kwashe ta a lokacin, kifin baɗi yake ci.

Na uku shi ne tsabtar ruwan kansa. Daga Gubi ake tace ruwan da ke zuwa famfunan garin Bauchi. Ledar ruwa, robar lemo da guntun zaren da aka yar a gaɓa ba sa ɓacewa. Zaren na naɗe ƙafar tsuntsu, ƙugiyar da aka bari na shiga ƙafar yaro mai kiwo da ya kawo shanu sha. Mafi muni su ne masu zuba guba irin su Gammalin 20 don kifi ya taso, da masu jan gidan sauro a ruwa suna kwashe har ƙwai. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Mai fatsa da ke zaune a gaɓa wuni guda ido ne. In ya ga haka, ya sanar da shugabannin masunta ko hukuma.

Akwai masu cewa duk wannan zaman banza ne, ga kifin kiwo a kasuwar Wunti da Muda Lawal, ga na kogi a gadar Dindima, me ya kai mutum shan rana? Ban yarda da su ba. Saurayin da ya koyi zama shiru na sa'o'i, yana karanta iska da launin ruwa, ya koyi haƙurin da waya ba ta koyarwa. Uban da ya tafi da ɗansa bakin ruwa ya samu hirar da ba ya samu a gida. Sharaɗi shi ne a kula da rai: kada wanda bai iya iyo ba ya shiga kwalekwale ba rigar kariya, kada yara su yi ta wanka a ruwan kwance saboda tsargiya.

Kirana ga masu wannan sha'awa shi ne su haɗa kansu tun abin bai yi yawa ba, su zauna da masuntan Gubi da Waya, a amince da girman kifin da za a ɗauka da watannin da za a bar ruwa ya huta. Masu sayar da sanda da ƙugiya su riƙa faɗa wa mai saye waɗannan ƙa'idoji. Kai kuma da ka sayi sabuwar sanda, ka tafi da filaya da buhun kwashe shara, ka fara da gaida masu ruwan kafin ka jefa ƙugiyarka.