Gewayen Ruwan Teku: Sauyinsa Cikin Shekara da Hanyoyin Auna Shi

Ruwan manyan tekuna yana gudana ne cikin ƙattin gewaye masu faɗin dubban kilomita. Manyansu biyar ne: biyu a Atilantika, biyu a Fasifik, ɗaya a Tekun Indiya. Iska ce ke tura su. Kusa da tsakiyar duniya tana kaɗawa daga gabas, can wajen ƙasashen sanyi kuma daga yamma, sai juyawar duniya ta karkatar da ruwan ya taru a tsakiyar gewayen ya yi ɗan tudu. Na arewa suna bin hannun agogo, na kudu suna saɓa masa. Harald Sverdrup ya bayyana alaƙar iska da yawan ruwan da ke gudana a 1947, shi ya sa ma'aunin ya ci sunansa: sverdrup ɗaya kubik mita miliyan ɗaya ne a kowace daƙiƙa.

Tun da iska na sauyawa da lokutan shekara, gewayen ma na sauyawa, amma kowane teku da nasa hali. A gaɓar Somaliya abin a fili yake. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan na gudu arewa da ƙarfi, daga Disamba zuwa Fabrairu ya juyo kudu. Fataken Oman da Zanzibar sun san lokutan iskar da ke juya ruwan tun kafin a ƙera na'ura ko ɗaya, da ita suke tsara tafiyar jiragensu. A gaɓar Gana da Kodebuwa kuwa, tsakanin Yuli da Satumba ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasa, lokacin da masunta ke cika kwale-kwale da sadin. Na Atilantika ta Arewa shi ne mai wuyar sha'ani. Ruwansa da ke ratsa mashigin Filorida kusan sverdrup 32 ne, yana ƙaruwa wajen Yuli, ya ragu wajen Oktoba da Nuwamba, amma bambancin kaɗan ne, kuma ƙananan gewaye da ke tasowa su ɓace cikin makonni sukan binne shi.

Tsohuwar hanyar awo ita ce jirgin bincike ya ratsa teku yana sauke na'ura, tana ɗaukar zafi da gishirin ruwa mataki-mataki. Awo ne mai kyau, aibinsa dai shi ne na lokaci guda ne. A 2005 Harry Bryden da abokan aikinsa suka kwatanta irin wannan awo guda biyar, daga 1957 zuwa 2004, suka ce kwararar da ke kai ruwan ɗumi arewacin Atilantika ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Labarin ya tayar da hankali. Sai dai tun 2004 an dasa jerin na'urorin RAPID daga Bahamas zuwa gaɓar Afirka, suna awo dare da rana, kuma sun nuna cewa cikin shekara ɗaya ma kwararar na hawa da sauka da kusan sverdrup 7. Kamar mai tambayar farashin gero ne sau biyar cikin shekara arba'in da bakwai, wani zuwan da damina, wani da kaka: yawancin abin da ya ɗauka sauyin zamani ne, watan da ya je kasuwa ne ya kawo shi.

Taurarin ɗan'adam sun rage wannan matsala. TOPEX/Poseidon na Amurka da Faransa ya tashi a 1992, jerin Jason suka gaje shi, sannan Sentinel-6 a 2020. Suna harba siginar rada su auna tsayin fuskar teku, su dawo wuri guda bayan kusan kwana 10. Daga gangaren tudun nan ake lissafa gudun ruwa. Amma saman kawai suke gani, kuma ruwa na kumbura idan ya ji zafi, don haka dole a ware kumburin daga ainihin motsi. Wannan aiki na na'urorin Argo ne, kusan 4,000 da ke yawo a tekuna. Kowace takan tsaya a zurfin mita 1,000 ruwa na jan ta, ta nutsa zuwa 2,000, sannan ta taso tana awo, ta aika saƙo ta sake nitsewa.

Awon da ya fi kowane daɗewa ba yankewa sosai shi ne na mashigin Filorida. A 1982 aka fara amfani da wayar sadarwa da ke kwance a ƙarƙashin teku: ruwan gishiri idan ya ratsa maganaɗisun duniya yana haifar da ɗan ƙarfin lantarki, daga nan ake gane yawansa. Shi ma bai tsira ba. A 2024 masana suka nuna cewa sauyin da maganaɗisun duniyar kansa ke yi a hankali ya shafi awon, kuma da aka gyara lissafin, yawancin raguwar da ake gani a kwararar ta ɓace. Saboda irin wannan ne jiragen ruwa suka riƙa fita mashigin lokaci-lokaci suna auna ruwan kai tsaye, don a gwada da abin da wayar ke faɗa.