Jinjina ga Dillalin Ƙwarai

A Kano dillalan gidaje ba su ƙirguwa, amma na ƙwarai sai an tona. Kafin ya kai ka ganin gida, ya san asalinsa: na gado ne ko na saye, magada sun amince ko akwai mai ƙorafi. Zai nuna maka sawun ruwa a jikin katanga, ya ce lungun yana cika da damina, ko da cinikin zai watse. Ba ya ɗora nasa kan kuɗin mai gida a ɓoye. La'adarsa ta ishe shi. Ranar biya sai ya kira mai unguwa da shaidu a sa hannu. Allah ya yi wa sana'arsa albarka.