Wane Ne Ɗari A Nan?

Bayan sallar isha'i a Hunƙuyi, 'yar ƙanwata takan jingina fitilar caji da bango, ta shimfiɗa tabarma, ta jera abu uku a gabanta: littafin tsofaffin tambayoyin JAMB wanda bangonsa ya riga ya rabu da shi, fensir, da wayar mahaifiyarta wadda ta mayar agogon auna lokaci. Dare uku na yi ina zama kusa da ita ina kallon yadda take warware tambayoyin kashi cikin ɗari, irin masu zuwa da labari, ana saye ana sayarwa, farashi na hawa yana sauka. Na taso ina ɗaukar wannan lissafi a matsayin abin hadda. A kan tabarmar nan na gane sana'a ce, da kayan aikinta da dabarunta, kamar ƙira ko saƙa.

Agogon yana da dalili. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. In ka raba, kowace tambaya sakan 40 ta samu. Akwai ƙaramar kalkuleta a fuskar kwamfutar, amma kalkuleta abin da ka danna mata take lissafawa, ba ta karanta maka tambaya. Kuma irin waɗannan tambayoyi ba a JAMB suka tsaya ba, suna jiran mutum a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan kwastan da na shige-da-fice.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta gaggawar taɓa fensir. Sai ta karanta tambayar sau biyu, leɓɓanta na motsi, tana juya Turancin zuwa Hausa a ranta. Sannan ta yi wa kanta tambayar da malaminsu na lissafi ya dasa musu: wane ne ɗari a nan? Ma'anar kashi cikin ɗari ita ce ka ɗauki abu ka yanka shi gida ɗari daidai wa daida, ka ƙirga gida nawa ake magana a kai. To amma wane abu za a yanka? Nan mai shirya tambaya yake ɓoye ƙugiyarsa.

Ga misalin da ta fara nuna mini. Wani ya sayi damin rake a kasuwar Maƙarfi naira 8,000, ya sayar 10,000, kashi nawa ya ci riba? Ribar 2,000 ce, wannan ko yaro ya gani. Mai sauri sai ya auna ta da 10,000, ya samu kashi 20, ya duba zaɓin amsoshi huɗu ya tarar da 20 na zaune tana jiransa, ya danna da murna. Ita kuwa sai ta ja layi a ƙarƙashin 8,000. Ta ce, "Kawu, riba ai a kan uwar kuɗi ake auna ta. Abin da ya fita daga aljihunsa shi ne ɗari." 2,000 cikin 8,000 rubu'i ne, wato kashi 25. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tashi ba uwa ba riba ya san wannan a jikinsa, ko bai taɓa shiga aji ba.

Kalmar rubu'in nan ta kai mu shafin ƙarshe na littafinta, inda ta rubuta wani ɗan jadawali. Rabi kashi 50, rubu'i 25, humusi 20, ushiri 10, sumuni 12.5, sulusi 33 da sulusi. Waɗannan sunaye ba daga boko ta samo su ba. A Islamiyya ta koye su, a babin rabon gado da na zakka: sumuni, ɗaya bisa takwas, shi ne rabon matar mamaci in ya bar 'ya'ya, ushiri, ɗaya bisa goma, shi ne zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri kuma na wanda aka sha wahalar ban ruwa. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗaura wa kowane suna lambarsa. Don haka in aka ce ta nemo kashi 12.5 na 64,000, ba ta tsayawa ninka lamba mai ɗigo. Ta ga sumuni, ta raba gida takwas, 8,000. Ina ganin malaman lissafi a ƙasar nan suna asarar babbar dukiya in suka koyar da wannan babi kamar baƙon abu, alhali yaran sun zo da rabinsa daga gida.

A cikin jadawalin, ushiri ne mabuɗinta. Kashi 10 na adadi mai sifili a ƙarshe ba ya bukatar komai sai goge sifili ɗaya. Daga nan sauran suke fitowa. Harajin kayayyaki na VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, yana iya zuwa a tambaya. Aka ce kaya na naira 24,000, nawa ne harajin? Na bi fensirinta da ido. Ta rubuta 2,400, ushiri ke nan. Ta raba biyu, 1,200, kashi 5. Ta sake raba biyu, 600, kashi biyu da rabi, wanda shi ne ɗaya cikin arba'in na zakkar kuɗi. Ta haɗa biyun ƙarshe, 1,800. Layi huɗu gajeru, ba ninkawa ko ɗaya. Wani lokacin ma juya tambayar take yi, domin kashi 16 na 50 daidai yake da kashi 50 na 16, kuma rabin 16 ba ya bukatar fensir.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne tambayoyin hawa da sauka. Kwandon tumatir a Ikara ya yi tsada da kashi 20, daga baya kaya suka cika kasuwa ya sauka da kashi 20. Ya koma inda yake? Zuciya tana cewa e, ai abin da aka ƙara shi aka cire. Tambayar ba ta ma faɗi kuɗin kwandon ba, kuma wannan ne ke rikita ɗalibai da yawa. Ita sai ta sa masa kuɗi da kanta, ta ce naira 100 ne. Ya hau, ya zama 120. Sai ta ɗaga fensirin ta sake tambayar nan tata, domin yanzu ɗari ya tashi daga inda yake, 120 ne ke zaman ɗari. Humusin 120 kuwa 24 ne. A cire, saura 96. Farashin ya faɗi ƙasa da na farko da kashi 4. Saukar ta fi hawan nauyi saboda daga babban adadi aka yanke ta.

Akwai kuma masu zuwa ta baya. An yi wa manomi ragin kashi 20, ya biya naira 48,000, nawa ne kuɗin asali? Wanda bai natsu ba zai nemo humusin 48,000 ya ɗora, ya samu 57,600. Ita cewa take yi kuɗin asalin da ba a faɗa ba shi ne ɗari, abin da aka biya kuwa gida 80 ne a cikinsa. In gida 80 sun kama 48,000, gida ɗaya 600 ne, gida ɗari 60,000. Ba ta wucewa sai ta mayar da amsar cikin tambayar ta gwada: humusin 60,000 shi ne 12,000, a cire, 48,000. Ya zauna. Haka kuma take sa ido kan ƙananan kalmomi, don "ya ƙaru da" daban yake da "ya ƙaru zuwa", kuma a Turancin ma kalma ce mai harafi biyu ke raba su.

Daga tsakar gidan ana jiyo hirar samari a teburin mai shayi, wasunsu sa'o'inta ne da suka yanki fam ɗin jarrabawa ɗaya da ita, suna sa ran wani zai turo musu amsa ta waya in rana ta matso. Ita tambaya ashirin take yi kowane dare. Duk wadda ta faɗi, tana da wani tsohon littafi da take kwafe ta a ciki, ta rubuta a gefe abin da ya kayar da ita. Na buɗe shi. Kusan babu inda ta rubuta cewa ta yi kuskuren tarawa ko rabawa. Abin da ya fi yawa shi ne kalmomi uku da hannunta: "na sauya ɗari."

Burinta ta karanta aikin lafiya, ko a Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda auna magani zai dawo mata da wannan lissafi kullum. Tambayar ƙarshe a daren na uku ta ce kuɗin sukari ya ƙaru da kashi 25, kashi nawa iyali za su rage sha don kada kuɗin cefane ya ƙaru? Ta danna agogo. Ta rubuta 100, ta rubuta 125 a ƙarƙashi. Ta ɗan yi shiru, ta zagaye 125 da fensir, ta ce 25 cikin 125 humusi ne, kashi 20. Ta duba wayar ta rubuta sakan 31 a gefen shafi, sannan ta amsa kiran mahaifiyarta ta tashi ta naɗe tabarmar.