Mai Ciwon Damuwa Bai Samu Baki Ba a Littattafanmu

A yawancin littattafan Hausa da ke yawo a Wattpad da zaurukan WhatsApp, idan jaruma ta daina cin abinci, ta kulle kanta a ɗaki, mai karatu ya riga ya san inda aka dosa. Ko dai kishiya ce ta yi mata sammu, ko aljani ya shige ta, ko saurayi ya yaudare ta. Malami zai yi ruƙiyya, ko wani attajiri ya aure ta, sai a wayi gari ta warke sarai. Ciwon ya zama tsani kawai da marubuci ke takawa ya kai labarinsa gaba.

Abin da ke damuna shi ne, a irin waɗannan labarai kowa yana magana ban da mai ciwon. Uwa ta yi kuka, maƙwabta su yi gulma, ita kuwa ana kallon ta daga waje. Ba mu jin yadda safiya ke yi mata nauyi har wanka ya gagara, mako biyu ko fiye a jere. Ba mu jin ɗaya ɓangaren, na ciwon da likitoci ke kira baifola: kwanaki ba barci, magana kamar ruwan sama, kashe kuɗi ba lissafi, sannan faɗuwa cikin duhu.

A 2019 Bassey Ikpi, 'yar Najeriya da ta girma a Amurka, ta fitar da littafinta *I'm Telling the Truth, but I'm Lying* kan rayuwarta da baifola. Wani babi ta ce "ni", wani ta ce "ke", wani ta ce "ita", duk kanta take nufi. Wannan sauyin murya ya sa mai karatu ya ji yadda mutum ke baƙunta a jikinsa. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa She Writes Woman a 2016, ta tsaya gaban Majalisar Tarayya a 2020 ta bayyana ciwonta da bakinta. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Doka ta motsa, alƙalaminmu bai motsa ba.

Daga Ƙofar Mazugal zuwa asibitin Dawanau ba wata tafiya ba ce ta titin Katsina. Amma a bakin mutanen birni "a kai shi Dawanau" zagi ne. Budurwar da ke zuwa can karɓar magani takan ɓoye katinta, don kada maganar aurenta ta lalace. Da dare kuma littattafan nan take karantawa a wayarta. Idan duk sun ce mata ciwonta asiri ne ko raunin imani, wa zai hana ta zubar da ƙwayoyinta?

Addu'a tana da gurbinta, ba mai jayayya. Ana addu'a kuma ana shan magani, kamar mai ciwon suga. Abin da adabinmu ke buƙata shi ne masu ciwon su rubuta da kansu, ko da sunan aro ne, editoci kuma su daina tilasta musu ƙare labari da biki. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.