Tsofaffin Maƙalun Eriya da Yadda Ya Kamata a Yaɗa Su

A Amurka da Ingila, da wasu ƙasashe masu yawa, akwai mutanen da hukuma ke ba lasisin kafa 'yar ƙaramar tashar rediyo a gida, su riƙa magana da junansu a gajeren zango don sha'awa da gwaji kawai, babu kasuwanci a ciki. Kowannensu yana da lambar kira wadda aka fi saninsa da ita fiye da sunansa na yanka. A zamanin farko mutum da hannunsa yake harhaɗa komai. Yanzu akwatin aikawa da karɓa sayensa ake yi daga kamfani, amma eriya tana nan a hannun mai ita: shi zai auna waya, ya yanke, ya liƙe da dalma, ya ɗaure ta tsakanin bishiya da sanda. Shi ya sa maƙalar da aka buga a kan eriya shekara 60 ko 90 da suka wuce ake ci gaba da nemanta ruwa a jallo, alhali wadda aka buga a shafi na kusa da ita kan haɗa na'urar aikawa mai bawul ta koma kayan tarihi. Jan ƙarfe bai canza hali ba, igiyar rediyo ma haka.

Rumbun da ake tonowa babba ne. Mujallar QST ta ƙungiyar ARRL ta Amurka ta fara fita a Disambar 1915, kuma har yau tana fita. Ƙungiyar RSGB ta Ingila ta fara tata a 1925, wadda ake kira RadCom yanzu. CQ ta zo a 1945, sai 73 ta Wayne Green daga 1960 zuwa 2003, da Ham Radio daga 1968 zuwa 1990. A da, mai neman wata maƙala sai ya yi ta cigiya wurin tsofaffin hannu, ko ya bi kasuwannin tsofaffin kayan rediyo yana tona kwalaye, in ya yi sa'a wani ya yi masa fotokwafi ya aiko ta gidan waya. Yanzu an ɗauki hoton shafuffukan an zuba a intanet. ARRL ta buɗe wa mambobinta tsofaffin fitowar QST tun daga ta farko, 73 tana nan kyauta a Internet Archive, kuma a 2022 wannan ma'ajiya ta buɗe sashe na musamman don littattafai da mujallun masu rediyon sha'awa. Wannan babbar alfarma ce, babu mai musu. Sai dai sauƙin ya zo da wata illa da ba a cika magana a kanta ba. Abin da ya fi yawo a hannun mutane ba maƙalar ba ce, zanen da ke cikinta ne: layi biyu, lambobi uku ko huɗu, da sunan eriyar. An yanke shekarar, an yanke bayanin marubucin, an yanke gyaran da ya biyo baya. Ra'ayina shi ne darajar tsohuwar maƙala tana cikin dalilan da marubucin ya kawo da sharuɗɗan da ya yi aiki a cikinsu, kuma duk wanda ya yaɗa awon shi kaɗai ya yaɗa ɓangaren da ya fi saurin yaudarar mai karatu.

A duba eriyar da ake kira G5RV, wadda kusan babu wayar da ta kai ta suna a wannan fage. Louis Varney, mai wannan lambar kira, ya tsara ta a 1946, ya buga bayaninta a mujallar RSGB a 1958. Zanenta yaro ma zai iya kwafa: waya mai tsawon ƙafa 102 a miƙe, an raba ta biyu a tsakiya, daga nan wayoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa su sauko ƙafa 34, sannan a haɗa da kebul zuwa ɗaki. Wanda ya ga zanen kawai zai ɗauka waɗannan lambobi wani sirri ne da ke sa eriyar ta yi aiki a kowane zango. Wanda ya karanta bayanin zai gane cewa don zangon mita 20 aka zaɓe su. Ƙafa 102 ta yi daidai da tsawon igiya ɗaya da rabi a megahaz 14, ƙafa 34 kuma rabin igiya ce a wannan zangon. Nan ne gizo ke saƙar. Ƙafa 34 ɗin ta wayoyi biyu ce tsirara waɗanda iska ce kawai a tsakaninsu. In aka yi amfani da faffaɗar wayar nan mai rufin roba, irin ta eriyar talabijin ta da, igiya tana tafiya a hankali a cikinta, dole a rage tsawon ya dawo wajen ƙafa 28 zuwa 30. Mai kwafar zane bai san wannan ba, zai yanka 34 a kowace waya da ya samu. Bayan haka, na'urorin aikawa na zamanin Varney masu bawul ne, suna da maɓallan daidaitawa a jikinsu, suna iya jure eriyar da ba ta dace da su sosai ba. Na yanzu masu tiranzisto da kansu suke rage wuta da zarar sun ji rashin daidaito. Varney ya sake rubutu a kan eriyar a 1984, ya fito fili ya ce in ban da a mita 20, tana bukatar na'urar daidaitawa tsakaninta da akwatin. Zanen 1958 yana ta yawo, bayanin 1984 kuwa kaɗan ne suka gan shi, kuma mutane da yawa sun ɗora wa kansu laifin gazawar da tun farko mai eriyar ya yi gargaɗi a kanta.

Wani lokaci suna ne kawai ke tsira. Loren Windom ya buga maƙalarsa a QST ta Satumbar 1929, yana bayanin aikin da William Everitt da John Byrne suka yi a jami'ar jihar Ohayo. Eriyar da ya kwatanta waya guda ɗaya ce take ciyar da ita, an maƙala ta gefe da tsakiya, ƙasa kuma ita ce hanyar dawowar wuta. Abin da ake sayarwa yau da sunan Windom yana da kebul da ƙaramar taransifoma a wurin haɗi, aikinsa daban ne. Sunan ya bi wanda ya rubuta, ya bar waɗanda suka yi gwajin, sannan ya bar eriyar kanta ya koma kan wata. Haka lissafin nan da kowane sabon shiga ke haddacewa: a raba 468 da megahaz a sami tsawon waya a ƙafa, ko a raba 143 a samu a mita. A megahaz 7.1 zai ba da kusan mita 20.1. Lissafin ilimi tsantsa 492 yake bayarwa, 468 kuwa daga gwajin mutanen shekarun 1920 ta fito, da irin wayarsu da irin tsayin da suke ratayawa. Waya mai rufin roba takan bukaci a rage mata kaɗan cikin ɗari, tsayi daga ƙasa yana canza sakamakon, irin ƙasar ma haka. Awon da ya yi daidai a kan dausayin Ingila ba lallai ya yi daidai a kan busasshen rairayin Agadas ba. Tsofaffin marubuta sun san haka, shi ya sa sukan ce a yanka da ɗan rara, a rataya, a auna, a rage kaɗan-kaɗan. Wannan shawarar ita ce farkon abin da ke ɓacewa idan aka taƙaita maƙala ta koma lamba.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne waɗannan mujallu muhawara ce mai tsawo wadda ake yi wata bayan wata. Mutum zai buga tsarinsa, bayan wata biyu wani ya aiko wasiƙa ya ce ya gwada bai samu haka ba, edita ya buga gyaran lambar da aka yi kuskuren bugawa, bayan shekara goma wani ya zo da na'urar awo mafi kyau ya warware rigimar. Pat Hawker ya riƙe shafin batutuwan fasaha a mujallar RSGB shekara 50, daga 1958 zuwa 2008, kuma babban aikinsa ke nan, tattara irin waɗannan ra'ayoyi yana gwama su. Walter Maxwell, injiniyan eriya a kamfanin RCA, ya yi jerin maƙalu a QST daga 1973 zuwa 1976 yana rusa wata fahimta da ta daɗe a cikin mujallun kansu, wato cewa duk wutar da ta dawo daga eriya asara ce, kuma in na'urar awo ta nuna daidaito to eriya tana aiki. Ba haka ba ne, domin abin da ke shanye wuta ya mai da ita zafi shi ma daidaito zai nuna, ko da ba ya aika komai sama. Brian Austin, mai lambar ZS6BKW a Afirka ta Kudu, ya ɗauki G5RV a shekarun 1980 ya sa ta a kwamfuta, ya rage wayar sama, ya ƙara ta ƙasa, ya sami eriyar da ke dacewa da zanguna da yawa ba tare da na'urar daidaitawa ba. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun ga isnadinta, su san wa ya faɗa, daga wa ya ji, wa kuma ya yi masa gyara. Maƙalar eriya ma tana da nata isnadin, kuma wanda ya cire ta daga cikinsa yana iya raba wa mutane kuskuren da aka gyara tun kafin a haife su.

Wani zai ce ai duk wannan wahalar banza ce, tunda yanzu akwai manhajar da ke lissafa eriya. Gaskiya ne manhajojin da aka gina a kan tsarin lissafin eriya na NEC, wanda ya fito daga ɗakin binciken Lawrence Livermore a shekarun 1970, sun sauya fagen, kuma EZNEC ta Roy Lewallen ta zama kyauta tun 2022. Sun fallasa ƙarya da yawa, musamman alƙaluman ƙarfin da wasu tsofaffin marubuta ke jingina wa eriyarsu ba tare da awo ba, sai don sun yi magana da wata tasha mai nisa a daren da sararin sama ya buɗe. Amma manhaja tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai, ba ta ƙirƙiro tunani. Eriyar nan mai siffar murabba'i ta fito ne daga matsala ta zahiri: Clarence Moore yana aiki a tashar HCJB a Kito ta Ekwado, a kan tsaunuka inda iska ba ta da kauri, wuta tana tartsatsi a bakin sandunan eriya har suna narkewa, sai ya lanƙwasa su ya haɗa bakin ya zama zobe marar ƙarshe. Irin wannan labarin a maƙala ake samunsa, kuma shi ke koya wa mutum yadda zai tunkari tasa matsalar. Sannan ƙasa, wadda ita ce rabin aikin eriyar tsaye, tana da wuyar kwaikwayo a kwamfuta. Ƙa'idar binne wayoyi 120 a gindin eriya daga gwajin Brown da Lewis da Epstein na 1937 ta samo asali, don gidajen rediyo na watsa shirye-shirye. Da Rudy Severns ya so sanin ko mai ƙaramin fili yana bukatar wannan adadi, sai da ya fita fili ya shimfiɗa waya ya auna, ya buga sakamakon a mujallar QEX a 2009. Bai iya yin haka ba sai da ya san abin da mutanen 1937 suka auna da yadda suka auna shi.

Akwai kuma mai cewa sabon shiga ba ya son dogon bayani, awo yake so ya rataya waya ya ji murya, in an cika masa karatu zai gudu. Ina ganin gaskiya a wannan, kuma babu laifi a ba shi zane. Amma shi ne ya fi kowa bukatar sauran shafin, domin tsohon hannu in ya ga lamba ya san inda zai yi shakka, sabo kuwa bai sani ba. Ko shekarar bugawa kaɗai tana faɗa masa abu: maƙalar da ta ce eriya tana aiki a duk zanguna, in kafin 1979 aka rubuta ta, ba ta san da zangunan mita 30 da 17 da 12 ba, domin a taron rediyo na duniya na wannan shekara aka ba masu rediyon sha'awa su.

Batun haƙƙin mallaka ya fi nauyi, kuma ba na ganin ya kamata a yi masa riƙon sakainar kashi. Ƙungiyoyi irin su ARRL da RSGB da kuɗin mambobi da cinikin littattafai suke rayuwa, wanda ya kwafi mujallarsu ya watsa ba izini ya taɓa abin da ke biyan editan da ke tace maƙalun. A dokar Amurka irin wannan aiki yakan kai shekara 95 kafin ya zama na kowa. Amma a lura da abin da tsaurin ke haifarwa. Cikakkiyar maƙala tana kulle, zanen da aka sake zanawa da hannu yana yawo ba mai hana shi, ke nan kariyar ta tare ɓangare mai amfani ta saki mai haɗari. Ga kuma mujallun da suka mutu. Ham Radio ta koma hannun masu CQ a 1990, CQ kanta ta daina fita a ƙarshen 2023, kuma idan kamfani ya rufe, neman wanda zai ba da izini yakan zama aiki mai wuya. 73 da aka saki kyauta ana karanta ta yau a ƙasashen da ba ta taɓa isa ba lokacin da take fita. Ya dace mawallafan da suka rage su ware tsofaffin fitowa, waɗanda ba su ƙara kawo musu kuɗin kirki ba, su buɗe wa kowa, marubuta masu rai kuma su ba da izini a rubuce tun suna da iko.

Kai kuma mai karatu, in wani ya tambaye ka wata tsohuwar maƙala kana da ita, ka nuna masa inda take a halal in akwai. Ka haɗa masa da sunan mujallar da wata da shekara da lambar kiran marubucin, ka bar shafin yadda yake har da hotuna da ƙananan bayanan ƙasa, sannan ka buɗe fitowa biyu ko uku da suka biyo baya ka duba shafin wasiƙu da na gyara kafin ka ce masa ya yanka waya.